Yadda Ake Mayar da Jadawali da Zanen Ƙididdiga na Excel Hoto

Duk wanda ke riƙe da lissafin shago, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko kuɗin adashin wata ƙungiya a cikin Excel, wata rana za a ce masa ya turo bayanin a WhatsApp, ko ya saka shi cikin rahoto, ko ya kai a buga. Idan ya tura fayil ɗin gaba ɗaya, wasu ba su da manhajar buɗe shi a waya, wasu kuma za su buɗe su ga abin da ba a yi niyyar nuna musu ba, wani ma zai taɓa wata lamba ba da saninsa ba lissafi ya rikice. Hoto yana magance waɗannan duka, domin kowace waya tana buɗe shi, kuma abin da ka zaɓa kaɗai yake nunawa. Abin da na fi gani shi ne mutum ya ɗaga wayarsa ya ɗauki fuskar kwamfuta, hoton ya fito a karkace, da ƙyallin fitila da wasu layuka masu kama da igiyar ruwa, alhali kwamfutar da kanta tana iya fitar da hoto tsaf cikin ƙasa da minti ɗaya.

A wannan bayani, idan na ce “zane” ina nufin zanen ƙididdiga, wato sanduna ko layi ko da'ira da ake yi daga lambobi. Idan na ce “gurbi” ina nufin ɗan akwatin da ake rubuta lamba a ciki, irin A1 ko C7, “yanki” kuma tarin gurabe ne a haɗe, kamar daga A1 zuwa F14. Sunayen maɓallan zan rubuta su yadda suke a jikin manhajar, domin da su za ka neme su.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Excel, kuma yana da kyau ka san wanne ne a kanta, domin sababbi irin na Microsoft 365 suna da gajeriyar hanyar da Excel 2010 ko 2013 ko 2016 ba su da ita. Za ka gane naka idan ka shiga File sannan Account, a Excel 2010 kuma File sannan Help. Kana buƙatar Paint, wanda ke zuwa tare da Windows, da Snipping Tool, shi ma yana nan tun asali. PowerPoint ko Word suna taimakawa matuƙa idan hoton na bugawa ne. Ka buɗe folda ta musamman da za ka riƙa zuba hotunan, kuma ka ajiye wayarka kusa, domin da ita za ka gwada hoton kafin ya bar hannunka. Wanda ba shi da Excel ya duba mataki na 7, akwai Google Sheets da LibreOffice Calc, dukansu kyauta ne.

Mataki na 1: Yanke shawarar inda hoton zai je

Kafin ka danna komai, ka san ko hoton na waya ne, ko na cikin rahoto ne, ko na bugawa a takarda, domin wannan ne ke zaɓa maka nau'in fayil da girmansa. Nau'i uku ne suka shafe mu. PNG yana adana rubutu da layuka ba tare da ya ɓata su ba, shi ya sa shi ne zaɓina a kusan kowane jadawali da zane. JPEG an yi shi ne domin hotunan kyamara, yana rage nauyi ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanin hoton, don haka za ka ga ƙura-ƙura a gefen haruffa da lambobi, kuma duk lokacin da aka sake adana shi abin ƙaruwa yake yi. SVG ba ɗige-ɗige ba ne, umarnin zane ne, saboda haka ko allon talla za a buga da shi ba zai dushe ba, sai dai ba kowace manhaja ke karɓarsa a matsayin hoto ba, kuma bai dace da turawa a waya ba.

Game da girma, lissafi ɗaya ya isa. Masu buga takarda suna son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka hoton da zai ci faɗin santimita 15 a takardar A4 yana buƙatar ɗigo wajen 1,770 a faɗinsa. Na waya bai kai haka buƙata ba, faɗin ɗigo 1,000 zuwa 1,500 ya wadatar.

Mataki na 2: Gyara shafin tun kafin a ɗauka

A nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Hoto ba ya gyaruwa bayan an ɗauka, duk kuskuren da ke kan shafi haka zai tafi ga jama'a.

Fara da faɗin layukan tsaye. Duk gurbin da ka ga yana nuna ##### lambar cikinsa ce ta fi shi faɗi, sai ka kai linzami kan iyakar da ke tsakanin haruffan sama, misali tsakanin C da D, ka danna sau biyu, layin zai buɗe daidai da abin da ke cikinsa. Ka bi sunaye masu tsawo ka tabbatar gurbin gaba bai datse ƙarshensu ba. Ka duba ko akwai alamun kuskuren lissafi irin #DIV/0! ko #REF!, ka gyara su. Kuɗi kuma a saka musu waƙafi, domin 1250000 tana wahalar karantawa a waya, amma 1,250,000 kallo ɗaya ake yi mata.

Sai layukan toka-toka da suka raba gurabe. Waɗannan ba iyakokin gaskiya ba ne, jagora ce kawai ga mai aiki. Shiga View ka cire alamar da ke kan Gridlines, sannan ka zaɓi jadawalin ka saka masa iyakoki na gaske daga maɓallin Borders da ke ƙarƙashin Home. Bayan haka ka zuba wa yankin farin launi da maɓallin Fill Color. Wannan ƙaramin abu yana da dalili babba: gurbin da ba a zuba wa launi ba fanko ne, kuma a wasu hanyoyin da za mu bi hoton yana fitowa da baya mai shara-shara, idan aka buɗe shi a wayar da aka mayar da fuskarta baƙa sai baƙin rubutu ya hau baƙin baya, ba a ganin komai. Ya taɓa faruwa da ni da jadawalin kuɗin wata ƙungiya, na tura da dare ina ganin na gama, da safe na tarar rabin mambobi suna tambayar me ya sa na turo musu baƙin allo. Zane ma haka yake, ka danna gefensa da maɓallin dama na linzami, ka shiga Format Chart Area, ka zaɓi Solid fill da farin launi.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa, wato haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, da kuma alamar naira ₦. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba, kuma idan babu su Excel yakan aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta girma ko ta yi sirara a tsakiyar kalma. Arial da Times New Roman na Windows ɗin yanzu suna da su. Alfanun hoto a nan shi ne da zarar haruffan sun fito daidai a wurinka, haka za su fito a wayar kowa, ko da wayar tsohuwa ce mai nuna akwati a madadin ɗ.

Idan zane ne, ka ba shi take mai faɗin abin da yake nunawa da lokacinsa, kamar “Cinikin masara da gero, Janairu zuwa Disamba”, ka rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi, buhu ne ko naira ne, domin hoto yana yawo shi kaɗai ba tare da jadawalin da ya haife shi ba. Ka ƙara girman rubutun zuwa 12 ko 14, na asali ya yi ƙanƙanta ga waya. Idan da firinta mai baƙi da fari za a buga, ka guji launuka masu nauyi ɗaya, ja da kore sukan koma toka iri guda a takarda. Ka kuma lura cewa idan ka ɓoye wasu layuka a jadawali, Excel yana cire su daga zanen, sai dai in ka shiga Select Data sannan Hidden and Empty Cells ka ba shi izinin nuna su.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, kada ka cusa jadawali mai faɗi cikin hoto ɗaya. A ganina layukan tsaye biyar ko shida su ne iyakar abin da ake karantawa a waya ba tare da an yi ta ja da yatsa ba. Idan naka sun kai goma sha biyu, raba su hoto biyu, kowanne da layin sunaye a hagunsa.

Mataki na 3: Fitar da zane

Idan Excel ɗinka sabo ne, danna farin wurin da ke gefen zanen sau ɗaya har ka ga ƙananan da'irori sun kewaye shi gaba ɗaya, sannan ka danna maɓallin dama ka zaɓi Save as Picture. Akwati zai buɗe, ka zaɓi foldarka, ka rubuta suna, a ƙasa wurin Save as type ka zaɓi PNG ko SVG, ka danna Save. Kuskuren da ake yi shi ne danna kan sanduna ko kan take, sai jerin umarnin da zai fito ya zama na wannan ɓangaren kaɗai, mutum ya yi ta neman Save as Picture bai gani ba. Ka nemi kusurwar da babu komai ka danna a can.

Girman hoton yana bin girman zanen a kan shafi. Idan kana son babba, ja kusurwar zanen ka faɗaɗa shi tukuna, kana riƙe da Shift domin kada ya miƙe ta gefe ɗaya, sannan ka ƙara girman rubutunsa yadda zai dace.

Idan Excel ɗinka ba shi da wannan umarni, zaɓi zanen ka danna Ctrl da C, ka buɗe PowerPoint a shafi marar komai, ka danna maɓallin dama ka zaɓi alamar liƙawa ta ƙarshe mai suna Picture. Daga nan ka danna hoton da maɓallin dama, za ka sami Save as Picture, domin PowerPoint da Word sun daɗe da wannan umarni tun kafin Excel ya same shi.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Cikin zaɓin liƙawa akwai masu ɗauke da kalmar Embed Workbook. Duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya saka littafin Excel ɗin gaba ɗaya a cikin takardar Word ko PowerPoint, da duk shafukansa, har da na albashi ko na bashi idan suna ciki, kuma wanda aka tura wa zai iya danna Edit Data ya buɗe komai. A ido zane ɗaya ne kawai, amma a bayansa sirrin ofis ne. Idan takardar za ta fita waje, Picture kaɗai za ka zaɓa.

Mataki na 4: Fitar da yankin gurabe

Yanki ba shi da umarnin adanawa kai tsaye, sai an mayar da shi hoto tukuna. A ce jadawalinka yana da kanu a layi na 1, watanni goma sha biyu a ƙasa, da jimla a layi na 14, kuma ya tsaya a F. Zaɓe shi da linzami, ko kuma ka danna ɗan akwatin da ke saman harafin A, ka rubuta A1:F14 ka danna Enter, wannan ya fi tabbas idan jadawalin ya wuce fuskar kwamfuta. Ni nakan bar siririn layi fanko a kowane gefe in haɗa da shi, domin iyakar jadawalin ta waje takan yanke idan zaɓin ya tsaya a kanta daidai.

A ƙarƙashin Home, kusa da maɓallin Copy akwai ƙaramar kibiya, danna ta ka zaɓi Copy as Picture. A Excel 2007 wannan umarni yana ƙarƙashin kibiyar Paste, cikin As Picture. Akwatin da zai fito yana da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce kamanni: As shown on screen yana ɗaukar abin yadda kake ganinsa, har da layukan toka idan ba ka cire su ba, As shown when printed kuma yana ɗaukarsa yadda firinta za ta fitar. Ta biyu ita ce nau'i: Picture zane ne da ake iya faɗaɗawa ba ya dushewa, Bitmap kuma ɗige-ɗige ne daidai da na fuskar kwamfutarka.

Idan hoton na waya ne, zaɓi As shown on screen da Bitmap, amma kafin ka kwafa ka ƙara girman kallo daga 100% zuwa 200% da ma'aunin da ke kusurwar dama ta ƙasa. Bitmap yana bin girman kallo, saboda haka ninka shi yana ba ka hoto mai ɗigo ninki biyu a faɗi da tsawo, rubutu ya fito garau. Buɗe Paint, danna Ctrl da V, kuma nan take, tun zaɓin bai saki ba, danna Crop domin a yanke farin filin da ya rage a dama da ƙasa. Wanda ya manta da Crop shi ne ke turo hoton da jadawali ya maƙale a kusurwa ɗaya, sauran duk fili. Daga nan File, Save as, PNG picture.

Idan na bugawa ne, zaɓi Picture, ka liƙa a PowerPoint, ka ja kusurwarsa har ya cika shafin, sannan ka yi Save as Picture a nau'in PNG. Mai sabon Excel ba ya ma buƙatar fita, yana iya liƙa hoton a wani fanko na shafin, ya danna shi da maɓallin dama ya adana, sannan ya goge shi. Bayan ka yi amfani da Picture ka duba rubutun da kyau, domin wani lokaci tazarar haruffa tana ɗan sauyawa, ƙarshen kalma mai tsawo ya taɓa iyaka. Maganinsa shi ne ƙara wa layin faɗi kaɗan a sake kwafa.

Wannan hanya tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Duk zanen da ke zaune a kan yankin da ka zaɓa yana shiga hoton, don haka idan kana son jadawali a sama da zanensa a ƙasa cikin hoto guda, jera su yadda kake so, ka zaɓi guraben da ke bayansu duka, ka kwafa sau ɗaya.

Mataki na 5: Idan ana sauri

A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows da Shift da S tare, fuskar za ta yi duhu, ka ja linzami a kan abin da kake so, sannan ka danna sanarwar da za ta fito a kusurwa domin adanawa. A kwamfutar Mac, Command da Shift da 4 ne. Kafin ka ɗauka, danna Esc domin kashe layin da ke zagaya abin da aka kwafa, ka kai zaɓin wani gurbi nesa domin koren akwatin kada ya fito, ka danna Ctrl da F1 domin naɗe jerin maɓallan sama ka sami fili. Ƙananan korayen alamomi da ke kusurwar wasu gurabe su ma suna fitowa a irin wannan hoto. Iyakar wannan hanya ita ce ba ta wuce abin da fuskar kwamfutarka ke iya nunawa, don haka ba ta dace da bugawa ko dogon jadawali ba.

Dogon jadawali, irin sakamakon aji mai ɗalibai sittin, gara a bi da shi ta PDF. Zaɓi yankin, shiga Page Layout, Print Area, Set Print Area, sannan a shafin Print ka zaɓi Fit All Columns on One Page, ka adana a nau'in PDF. Sau da yawa PDF ɗin ma ya isa a tura, idan kuma lallai hoto ake so, buɗe shi ka faɗaɗa ka ɗauki kowane shafi daban. Akwai shafukan intanet masu mayar da PDF hoto, amma ban ba da shawarar ɗora musu takardar da ke da sunayen mutane ko kuɗinsu ba.

Mataki na 6: Zane da yawa a lokaci guda

Wanda ke da zane ashirin a fayil ɗaya ba zai so bin su ɗaya bayan ɗaya duk ƙarshen wata ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka adana aikinka tukuna, sannan ka danna F12, a wurin Save as type ka zaɓi Web Page, ka ba shi sabon suna. Excel zai yi gargaɗin cewa wasu abubuwa ba za su tafi ba, ka amince. Kusa da sabon fayil ɗin za ka ga folda mai sunansa da ƙarin _files, a cikinta akwai hotuna masu suna image001 da image002 har zuwa ƙarshe. Wani zanen yakan fito sau biyu da girma daban, ɗauki babban. Da ka gama, rufe wannan fayil ka koma na asali, domin mutane sukan manta su ci gaba da aiki a cikin na shafin intanet ɗin.

Hanya ta biyu ta masu ɗan ƙarfin hali ce. Danna Alt da F11, shiga Insert sannan Module, ka rubuta wannan:

Sub FitarDaZane()
Dim z As ChartObject, n As Long
For Each z In ActiveSheet.ChartObjects
n = n + 1
z.Activate
z.Chart.Export ThisWorkbook.Path & "\zane" & n & ".png", "PNG"
Next z
End Sub

Danna F5, duk zanen da ke shafin da kake kai zai fita a matsayin zane1.png da zane2.png da sauransu, a foldar da fayil ɗinka yake. Sharuɗɗa uku ne. Dole fayil ɗin ya kasance an taɓa adana shi, kuma a folda ta cikin kwamfuta, domin idan yana kan OneDrive adireshin da Excel ke bayarwa na intanet ne, umarnin sai ya tsaya. Kada ka cire layin z.Activate, domin ba tare da shi ba zanen da ba ya kan fuska yakan fito fanko. Sannan idan kana son umarnin ya zauna domin wata mai zuwa, adana fayil ɗin a nau'in xlsm, na xlsx ba ya riƙe shi. Ka sani kuma duk lokacin da ka sake gudanar da shi yana danne tsofaffin hotuna masu suna iri ɗaya ba tare da tambaya ba, don haka kwashe na watan jiya tukuna.

Mataki na 7: Idan babu Excel

A Google Sheets na kwamfuta, danna zanen, ka danna ɗigo uku da ke kusurwarsa ta dama, ka zaɓi Download, za a ba ka PNG ko PDF ko SVG. Yankin gurabe ba shi da wannan, sai ka zaɓe shi, ka shiga File, Download, PDF, a wurin Export ka zaɓi Selected cells, ka cire alamar Show gridlines a ƙarƙashin Formatting.

A LibreOffice Calc, danna zanen sau ɗaya tak, domin sau biyu yana shigar da kai cikin gyaransa, sannan maɓallin dama, Export as Image. Game da yanki ma ya fi Excel sauƙi: zaɓi guraben, File, Export, zaɓi PNG, ka saka alama a kan Selection, sai ya tambaye ka girman da kake so.

Wanda waya kaɗai gare shi ya juya ta a kwance, ya faɗaɗa jadawalin har ya cika fuska, ya danna maɓallin kunnawa da na rage sauti tare idan Android ce, sannan ya yanke gefunan a manhajar hotuna.

Mataki na 8: Dubawa da turawa

Ba wa hoton suna mai ma'ana da kwanan wata, kamar ciniki-2024-03.png, domin bayan wata shida ba za ka tuna abin da ke cikin image004 ba. Ka rubuta ranar a jikin jadawalin ma, saboda hoto ba ya sauyawa idan lambobin Excel suka sauya, kuma tsohon hoto yakan dawo yawo a ɗauka na yau ne. Wanda ke son hoton da ke bin lambobi yana iya amfani da Linked Picture a cikin zaɓin Paste, amma wannan a cikin Excel kaɗai yake aiki, da zarar an fitar da shi fayil ya daskare.

Tura wa kanka hoton a waya ka karanta mafi ƙanƙantar lamba da ke ciki. Ka gwada jimlar da ke hoton da wadda ke Excel, ka tabbatar layin farko da na ƙarshe sun shiga. Ka duba ko akwai lambar waya ko sunan wani da bai kamata ya fita ba, kuma idan akwai, koma Excel ka cire ka sake ɗauka. Kada ka dogara da Crop na Word ko PowerPoint wajen ɓoye sirri, domin ɓoye gefen kawai yake yi, wanda ya karɓi takardar yana iya janyo shi ya dawo, sai fa in ka shiga Compress Pictures ka saka alama a kan Delete cropped areas of pictures. Yankan da aka yi a Paint aka adana shi ne yake tafiya har abada.

WhatsApp yana matse duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba domin rage cin data, kuma ƙananan lambobi ne ke fara lalacewa, 3 ta koma kamar 8. Idan jadawalin ƙarami ne, danna alamar HD da ke sama kafin ka tura. Idan mai lambobi da yawa ne, ko za a kai shi wurin bugawa, danna alamar haɗa fayil ka zaɓi Document, ka nemo hoton a foldarsa ka tura, haka zai isa da girmansa da nau'insa yadda ka adana shi. Illar wannan ita ce ba ya bayyana a cikin hira sai an danna an buɗe, saboda haka idan zaure ne mai mutane da yawa, nakan tura biyu, na HD domin masu kallo a tsaye, da na Document domin sakatare da mai binciken kuɗi.